Me ya sa kumbon fim yake zuwa sama ya dawo cikakke, roka kuwa sai ta yi ta yar da jikinta a hanya?

Tambaya: A finafinai muna ganin kumbo ya tashi daga fili kamar jirgin sama, ya fita duniya, ya dawo ya sauka, gobe ya sake tashi. Amma roka ta gaske ga ta ƙatuwa, kuma kafin ta isa sai ta yar da kusan duk jikinta. Rashin fasaha ne, ko kuwa akwai wani dalili?

Amsa: Malam, ba rashin fasaha ba ne. Lissafi ne mai taurin kai, kuma tushensa abu ɗaya ne da masu fim ba sa nunawa: wahalar ba ta hawa ba ce, ta gudu ce.

Sama ba nisa gare ta ba. Inda aka saba cewa sararin samaniya ya fara kilomita 100 ne daga doron ƙasa, ko Kano zuwa Zariya bai kai ba. A 1966, a Yuma ta jihar Arizona a Amurka, an harba harsashi da wata doguwar igwa ya kai kilomita 180, ya shiga sararin samaniya sosai, sannan ya faɗo kamar dutsen da yaro ya jefa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa tana wajen kilomita 400, kuma ba nisan ne yake riƙe da ita ba, don a wannan tsayin jan ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin 100 na wanda yake danne ka a kan kujera yanzu. Faɗowa take yi dare da rana. Sai dai tana gudu a gicciye da saurin kilomita 7.7 a kowane sakan, wajen kilomita dubu 28 a awa, har ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinta daidai gwargwadon yadda take faɗowa, sai ta yi ta kuskure ƙasar, tana zagaye duniya a minti casa'in da 'yan kai. Wannan shi ne shiga falaki. Jirgin da ke kai alhazai Jidda bai wuce kilomita 900 a awa ba. In aka auna ƙarfin da ake kashewa, ɗaga kaya zuwa kilomita 400 wajen kashi ɗaya cikin tara ne na aikin, sauran duk na gudun ne. In ka haɗa da asarar da ake yi wajen keta iska da kokawa da jan ƙasa a mintocin farko, roka tana bukatar ta samar da gudun da ya kai kilomita 9.4 a sakan.

To da me za ta samo shi? Mota tana tura kwalta, jirgi yana tura iska. Roka ba ta da abin turawa sai abin da ta ɗauko, shi take cillawa baya da ƙarfi ita kuma ta yi gaba, kamar yadda bindiga take dukan kafaɗar maharbi. Wani malamin makaranta a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya buga ƙa'idar a 1903, shekarar da 'yan'uwan nan Wright suka fara tashi da jirgi. Ƙa'idar a taƙaice: duk lokacin da kake son roka ta ƙara gudu daidai da gudun hayaƙin da ke fita daga bakin injinta, sai nauyinta cike da mai ya ninka nauyinta bayan ƙonewar man sau 2.7. Injin kananzir mai kyau yana cilla hayaƙi da saurin wajen kilomita 3.3 a sakan. Ke nan in 3.3 kake nema, ninki 2.7 ya isa. In 6.6 ne, sai 2.7 sau 2.7, wato wajen 7.3. In 9.4 ne, ninkin ya kai 17. Ba ƙari yake yi ba, ninkawa yake yi, saboda man da za a ƙona a minti na takwas shi ma kaya ne, sai an ƙona wani man an ɗaga shi tun daga minti na farko. Masu ayarin gishiri na Bilma sun san irin wannan ciwon kai: raƙumin da aka ɗora wa ciyawar keta Tenere shi ma daga cikinta zai ci.

Mu sa shi a tan. Roka mai tan 100 da za ta shiga falaki guda, ba tare da ta yar da komai ba, dole tan 94 daga ciki ya zama mai. Saura tan 6 su ne tanki da inji da famfo da waya da kwamfuta da kayan da aka ɗauko har da mutanen. Ƙira mai kyau ƙwarai tana cin wajen tan 7 na tanki da inji a kan kowane tan 100 na mai. Tan 94 zai ci tan 6.6 ke nan. Tun ba a ɗora ko kilo ɗaya na kaya ba an riga an ci bashi.

Yanzu raba ta gaɓa biyu kamar rake, kowace gaɓa ta samar da kilomita 4.7 a sakan. Ninkin da kowace take bukata ya faɗo zuwa 4.2. Gaɓar farko ta ƙona tan 76, saura 24. A nan sai a yar da tankinta da injinta da suka zama kayan wofi, tan 5. Tan 19 da ya rage ya kunna nasa injin, ya ƙona tan 14 da rabi, saura 4 da rabi. Cire tan ɗaya na tankin gaɓa ta biyu, kana da tan 3 da rabi na kaya a falaki. Mai ɗaya, ƙarfe ɗaya, inji iri ɗaya, bambancin kawai an daina jan tankin da ya ƙare. Kuma haka abin yake a zahiri: rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX na Amurka tana da wajen tan 550 a kan dandamali, mafi yawan abin da take iya kaiwa falakin kusa tan 22.8 ne, kashi 4 cikin 100.

Saturn V da ta kai mutane wata a Yulin 1969 ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Tsawonta mita 110, nauyinta wajen tan 2,900. Gaɓar farko, mai inji biyar na F-1, tana shanye wajen tan 13 na kananzir da oksijin a kowane sakan, ta ƙare a minti biyu da rabi a tsayin kilomita sittin da 'yan kai, ta faɗa tekun Atlantika. Fiye da kashi biyu cikin uku na nauyin rokar ya tafi ke nan, ga shi ko rabin gudun falaki ba a samu ba. Gaɓa ta biyu ta yi wajen minti shida, ta uku ta ƙarasa sannan daga baya ta sake kunnawa ta nufi wata. Abin da ya dawo duniya daga wannan tan 2,900 ɗan ɗaki ne mai siffar malfa wanda bai kai tan 6 ba.

Abin da na ke kira mai a nan abu biyu ne, kuma wanda ya fi nauyi ba kananzir ba ne. Wuta ba ta ci sai da oksijin, can sama kuma babu, don haka sai an ɗauke shi a tanki, an sanyaya shi ya zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifiri. Kowane kilo na kananzir yana son wajen kilo 2.3 na oksijin. Haidirojin ya fi kananzir saurin hayaƙi, yana kai kilomita 4.4 a sakan, wanda zai rage kason mai zuwa kashi 88. A takarda kamar an samu mafita. Amma ruwan haidirojin sai a digiri 253 ƙasa da sifiri, kuma lita ɗaya giram 71 ce kacal, alhali litar kananzir ta haura giram 800. Tanki sai ya kumbura, ya nemi rufin hana zafi, abin da ka samu a mai ka mayar a ƙarfe. A kan haka X-33 ta Amurka ta mutu: an so a yi kumbo guda mai zuwa da dawowa, tankin haidirojin ɗinsa mara nauyi ya ɓare a gwaji a 1999, aka soke aikin a 2001.

Neman rage nauyi ya kai injiniyoyi inda ba ka zato. Rokar Atlas da ta ɗauki ɗan sama jannatin Amurka John Glenn a Fabrairun 1962, wadda tashar da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta kafa a Kano tana cikin tashoshin da suka bi sawun kumbonsa, jikinta bai kai kaurin kwabo ba. Ba ta iya tsayuwa da kanta, sai an hura mata iska kamar balan-balan, in iskar ta fita sai ta lotse. Ita ɗin ma ba ta isa guda ba, a hanya take yar da injuna biyu daga cikin manyan injinanta uku. Ka kwatanta wannan da kumbon fim mai fikafikai da tayoyi da tagogi da falo da ɗakin cin abinci, ka nemi inda tankin yake. Yawanci babu.

Akan ce to a yi shi jirgi mana, ya shaƙi oksijin daga iska kyauta. An gwada, kuma ana kan gwadawa. Matsalar ita ce gudun falaki ya ninka gudun sauti wajen sau 25. Jirgin gwaji X-43A na NASA a 2004 ya kai ninki 9.6 da inji mai shaƙar iska, na sakan goma ko makamancin haka, kuma roka ce ta fara kai shi wannan gudun. Jirgi mai shaƙar iska dole ya zauna cikin iskar yana ƙara gudu, iskar kuma tana gasa shi tana ja masa baya. Roka dabararta akasin haka ce, ta miƙe ta fice daga iska mai kauri cikin minti biyu, sannan ta kwanta ta yi gudun inda babu abin da zai tare ta. Fikafikai da injin jirgi bayan nan sun zama kaya.

Rabuwar gaɓa kuwa ba kyauta ba ce, nan ne roka da yawa suka halaka. Da injin ƙasa ya mutu, komai a cikin rokar yana zama marar nauyi, man gaɓa ta biyu sai ya bar gindin tanki ya yi ta yawo a dunƙule. In famfo ya zuƙi iska maimakon ruwa, ya lalace nan take. Saturn V tana da ƙananan rokoki da suke ba ta ɗan turi don mai ya koma gindi kafin a kunna. Rashawa a rokarsu ta Soyuz suna kunna injin sama tun na ƙasa bai mutu ba, shi ya sa za ka ga tsakanin gaɓoɓin a buɗe kamar raga, don wuta ta sami hanyar fita. A Agustan 2008 Falcon 1, rokar farko ta SpaceX, ta rabu lafiya, amma ragowar man da ke cikin bututun sanyaya inji ya ba gaɓar farko ɗan turi, ta bi ta biyu ta buge ta. Gyaran bai wuce ƙara 'yan sakanni tsakanin kashe inji da rabuwa ba, a watan da ya biyo baya ta shiga falaki.

Injin ma kansa abin mamaki ne da bai narke ba. Zafin cikin tukunyar ƙuna ya haura digiri 3,000, babu ƙarfen da zai jure. Abin da ake yi, man mai sanyi ake bi da shi ta ɗaruruwan siraran bututu da ke jikin bangon tukunyar da mazurarin fitar wuta kafin ya shiga ya ƙone, shi yake kwashe zafin. Famfon F-1 guda ɗaya ƙarfin doki dubu 55 gare shi. A farkon gwajinsa wutar ciki takan fara kaɗawa gefe da gefe har injin ya tarwatse cikin ƙiftawar ido. Sai da aka sa shingaye na tagulla a fuskar matsarcin mai, ana tayar da ƙaramin bam a cikin inji yana aiki don a ga ko wutar za ta koma daidai da kanta. Tarayyar Sobiyat ta bi hanyar ƙananan injuna masu yawa, rokarta N1 tana da 30 a gindinta, an harba ta sau huɗu tsakanin 1969 da 1972 ba ta taɓa wuce gaɓar farko ba.

Saboda kowane ɗan gudu yana da tsada haka, har juyawar duniya ana cin moriyarta. A layin da ya raba duniya biyu ƙasa tana gudu gabas da mita 465 a sakan, wanda ya harba gabas ya same shi a ɓagas. Dalilin da ya sa Turawa suka kafa filinsu a Kourou ta Giyanar Faransa ke nan, digiri 5 kawai arewa da layin, ga teku a gabas inda gaɓoɓi za su faɗa. Isra'ila kuwa yamma take harbawa ta kan Bahar Rum, tana asarar wannan gudun, don kada gaɓoɓinta su faɗa ƙasashen maƙwabta.

Sai dawowa, wadda fim yake nuna ta kamar saukar jirgin Legas. Duk gudun nan da aka sha wahala aka tara sai an zubar da shi, kuma babu man taka birki, don man birkin ma sai an ninka shi sau 17 tun daga ƙasa. Iska ce birkin, gudu kuma yana komawa zafi. A farkon shekarun 1950 injiniya Julian Allen a cibiyar bincike ta Ames a Amurka ya gano cewa abu mai tsinin hanci shi ya fi ƙonewa, mai faɗin gindi kuwa yana tura iskar mai zafi gaba da shi, yawancin zafin ya tsaya a iskar. Shi ya sa kumbon gaske yake dawowa da gindi. Apollo, wato ɗan ɗakin nan mai siffar malfa, tana shigowa daga wata da kilomita 11 a sakan, garkuwarta tana kai digiri 2,700, kuma an yi ta ne don ta ƙone a hankali tana zubewa. Irin wannan garkuwa sau ɗaya ake amfani da ita.

Space Shuttle shi ne mafi kusa da kumbon fim da aka taɓa yi, ya tashi sau 135 daga 1981 zuwa 2011. Amma shi ma da rokoki biyu a gefe yake tashi, da ƙaton tanki da ake yarwa kowace tafiya. Jirgin kansa ya kusa tan 80, kayan da yake ɗauka tan ashirin da 'yan kai, wato kashi uku cikin huɗu na abin da ake kaiwa falaki jirgin ne da kansa. Jikinsa rufe yake da tayil na hana zafi sama da dubu 20, sai an duba su bayan kowace tafiya. Biyu daga cikin jiragen sun halaka: Challenger ta tarwatse a sakan na 73 a Janairun 1986 saboda sanyin safiya ya ƙandarar da zoben roba a mahaɗar rokar gefe, wuta ta sami hanya. Columbia a Fabrairun 2003 guntun soson tanki ne ya huda gaban fiffikenta na hagu lokacin tashi, wajen dawowa iska mai zafi ta shiga ta ramin. Mutum bakwai-bakwai suka mutu. A ganina haɗari na biyun ƙirar ce da kanta ta jawo shi: an rataya jirgi mai garkuwa mara ƙwari a gefen tanki, inda duk abin da ya ɓalle zai same shi, maimakon a ɗora shi a ƙoli.

Falcon 9 ba ta karya ƙa'idar Tsiolkovsky ba, zaɓar abin da za ta ceto ta yi. Gaɓar farko tana rabuwa tana gudun wajen kilomita 2 a sakan, kuma zafin dawowa yana bin gudu sau gudu ne, don haka abin da take fuskanta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da mai dawowa daga falaki yake fuskanta ba. Tana juyawa da ƙananan bututun iskar naitirojin, ta kunna inji uku don rage gudu kafin iska ta yi kauri, ta daidaita hanya da fikafikai huɗu masu kama da raga, sannan ta kunna inji don sauka. A nan akwai wani ƙulli: gaɓar ta yi sauƙi ƙwarai har inji ɗaya a mafi ƙarancin wutarsa ya fi ƙarfin nauyinta, ba ta iya tsayawa cak a iska. Dole gudunta ya zama sifiri daidai lokacin da ƙafafunta suka taɓa ƙasa. In ta kunna da wuri za ta tsaya a sama ta fara komawa, in ta makara ta fashe. An fara cin nasara ranar 21 ga Disamba 2015. Kuɗin da ake biya shi ne man da aka ajiye don dawowa, kaya yana raguwa daga tan 22.8 zuwa wajen 17. Gaɓa ta biyu kuwa har yau yar da ita ake yi. Starship, sabuwar rokar SpaceX da ake son a dawo da gaɓoɓinta duka biyun, wadda aka cafke gaɓarta ta farko mai inji 33 da hannuwan hasumiya a Oktoban 2024, ita ma gaɓa biyu ce.

Kafin kumbon fim ya yiwu, saurin hayaƙi ne zai canza, sinadarai kuma sun kai iyakarsu a wajen kilomita 4.5 a sakan. Injin nukiliya na NERVA da Amurka ta gwada a hamadar Nevada a shekarun 1960 yana dumama haidirojin ya fita da wajen kilomita 8, amma injin nauyi gare shi, kuma ba wanda zai yarda a kunna shi a kan garuruwa. An rufe shirin a 1973 bai taɓa tashi ba. Injin lantarki irin na kumbon Dawn yana cilla iskar zenon da sama da kilomita 30 a sakan, sai dai turinsa bai wuce nauyin falle ɗaya na takarda a tafin hannu ba. Yana aiki a sarari inda za a bar shi a kunne shekara da shekaru, amma ko kansa ba zai ɗaga daga ƙasa ba. Inji mai saurin hayaƙi da ƙarfin turi a lokaci guda, shi ne wanda masu fim suke ba kansu kyauta.

Akwai dai wurin da abin da kake gani a fim yake faruwa. A wata gudun falaki kilomita 1.7 ne a sakan, babu iska, don haka ninki biyu ya wadatar. Sashen da ya ɗago Neil Armstrong da Buzz Aldrin daga doron wata bai kai tan 5 ba, rabinsa mai ne, inji ɗaya, kuma a tashi ɗaya na minti bakwai ya shiga falaki. Ba shi da fiffike ko tsinin hanci, ba kujera ma a ciki, a tsaye suka tuƙa shi don rage nauyi. Injinsa ba shi da famfo, ba shi da abin kunna wuta: iskar hiliyam ce take tura ruwaye biyu da suke kamawa da kansu da zarar sun haɗu, don a can in inji ya ƙi tashi babu na biyu.